Allo uku, kunne biyu: tarihin neman raba muryoyi

Ga abin da muka kawo muku a filinmu na tarihi na wannan makon. Mun sa shi a takarda saboda waɗanda shirin ya wuce su suna kan hanya ko suna wurin kiwo.

Bari in fara da abin da ya faru a gabana. Ranar Lahadi 13 ga watan Mayu 2012, ina yaro, na biya kuɗi na shiga wani gidan kallon ƙwallo a unguwarmu. Rumfar kwano ce, ga bencina a jere, janareta na ruri a baya. Ranar ce ta ƙarshe ta gasar Firimiya ta Ingila, kuma kofi na tsakanin ƙungiyoyi biyu na gari ɗaya. Mai gidan ya ɗora talabijin biyu, ko tele kamar yadda wasunmu ke cewa, a kan teburi ɗaya, wannan na gogar wannan. Guda na nuna Manchester City da QPR, guda na nuna Sunderland da Manchester United. Ƴan wannan gefe suka ce a ƙara musu murya, aka ƙara. Ƴan wancan gefe suka ce ba su ji, aka ƙara musu. Kafin hutun rabin lokaci an ƙure duka biyun, kuma ba mai fahimtar ko kalma ɗaya. City ta shiga ƙarin lokaci ana cin ta 2 da 1, ta farke, sannan Aguero ya jefa ta uku. Da yawa daga ƴan United da ke rumfar ba su san kofi ya kuɓuce ba sai da suka ga benci na tashi sama. Ni kuwa na koma gida kunnena na wani siii har washegari.

Sai da na fara aiki a ɗakin watsa shirye-shirye na gane cewa abin da ya gagari mai gidan kallon nan ya daɗe yana ba manyan injiniyoyi wahala. Sama da shekara ɗari ana neman hanyar da mutum zai tsinci murya ɗaya a cikin muryoyi masu yawa. Kuma a duk tsawon wannan tarihi, ba wanda ya taɓa warware ta da ƙara murya.

Laifin wani wasa a 1982

Wani zai ce, to me ya sa ma za a kunna talabijin biyu lokaci guda? Ƴan ƙwallo dai suna da dalili mai tarihi. A gasar cin kofin duniya ta 1982 a Sifaniya, Aljeriya ta ba duniya mamaki, ta doke Jamus ta Yamma 2 da 1. Ta buga wasanta na ƙarshe a rukuni ranar 24 ga Yuni, ta ci Chile 3 da 2. Washegari Jamus ta Yamma da Ostiriya suka shiga fili a garin Gijón, kowa ya riga ya yi lissafi: in Jamus ta ci da ƙwallo ɗaya ko biyu, su biyun sun wuce, Aljeriya ta koma gida. Jamus ta jefa ɗaya wajen minti na 10, daga nan aka koma tura ƙwallo gefe da gefe har aka tashi. Aljeriya ta fita.

Daga gasar 1986 sai aka mayar da shi doka, wasanni biyu na ƙarshe a kowane rukuni tare ake fara su. Haka ma Firimiya, ranar ƙarshe duka wasanni goma lokaci ɗaya ake busa musu usur. An toshe ƙofar haɗa baki, amma an bar mai kallo da allo biyu ko fiye, shi kuwa kunnensa biyu ne rak.

Amfanin kunne biyu

Kunne ya girmi kaka, in ji Hausawa, to mu koma baya. A 1881, a wani baje kolin kayan lantarki a birnin Paris, wani injiniya Bafaranshe mai suna Clément Ader ya jera makirfo a gaban dandamalin gidan wasan waƙe na birnin, wasu a hagu wasu a dama. Ya ja waya zuwa wani gini dabam, inda mai sauraro ke kara kan tarho ɗaya a kunnen hagu, ɗaya a na dama. Mutane suka lura da wani abu: suna iya gane cewa wannan mawaƙi yana hagu, wancan yana dama, alhali ba su ganin kowa.

A 1907 masanin nan na Ingila, Lord Rayleigh, ya bayyana yadda abin yake. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya. In saniya ta yi kuka a damanka, kukan zai riga isa kunnen dama kafin na hagu. Tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, amma ƙwaƙwalwa na auna ta. Sannan kan mutum yana tare sauti kamar yadda katanga ke tare rana, don haka kunnen da ke nesa ya fi jin abin a raunane, musamman in sautin siriri ne. Da waɗannan biyun muke sanin daga ina murya ta fito. Kowane makiyayi ya san wannan a aikace. Da dare, ba fitila, ya ji kukan maraƙi ya miƙe kai tsaye inda yake.

A 1931 wani matashin injiniya na kamfanin EMI a Ingila, Alan Blumlein, ya yi rajistar dabarar naɗar sauti ta hanya biyu, hagu da dama, abin da yau ake kira sitiriyo. Bai daɗe a duniya ba, ya rasu a 1942 a hatsarin jirgin sama suna gwajin na'urar radar lokacin yaƙin duniya na biyu. Amma duk rediyo ko waya mai lasifika biyu da ke hannunku, akwai hannunsa a ciki.

Kun ga kuskuren farko na mai gidan kallonmu ke nan. Talabijin biyu a teburi ɗaya, ga wanda ke bencin baya daga wuri ɗaya muryoyin ke fitowa. An hana kunne yin aikin da ya fi iyawa.

Hasumiyar jirage da gwajin Cherry

Inda maganar ta zama ta rai da mutuwa shi ne filin jirgin sama. Bayan yaƙin duniya na biyu jirage sun yawaita. Ma'aikacin da ke cikin hasumiya, mai ba jirage umarnin sauka da tashi, yakan ji muryoyin matuƙa da yawa suna fitowa ta lasifika ɗaya, sun cakuɗe. In ya ɗauki maganar wannan a matsayin ta wancan, to sai dai a yi ta'aziyya.

A 1953 wani masani ɗan Ingila, Colin Cherry, ya buga sakamakon gwaje-gwajen da ya yi a jami'ar MIT ta Amurka. Shi ne ya raɗa wa matsalar suna da irin liyafar da Turawa ke yi a tsaye, kowa da kofi a hannu kowa na surutu. Mu da mun ce matsalar gidan biki. Ya naɗi maganganu biyu dabam-dabam da muryar mutum ɗaya. Da ya cakuɗa su ya tura wa kunnuwa biyu tare, mai sauraro ya sha wuya, sai ya maimaita sau da yawa kafin ya tsamo magana ɗaya. Da ya raba su, wannan a kunnen dama, wancan a na hagu, nan take mutum ya iya bin wadda aka ce ya bi, yana maimaita ta da baki.

Ga inda abin ya ba da mamaki. Bayan an gama sai a tambayi mutumin, me aka faɗa a ɗaya kunnen? Ba ya iya kawo komai. An sauya harshen daga Ingilishi zuwa Jamusanci a wannan kunne, mutane ba su lura ba. Amma da aka sauya muryar namiji da ta mace, sun lura. Wato kunnen da ba ka ba hankali ba yana jin kalar murya, ma'anar ce ba ta shiga.

A 1959 Neville Moray a Oxford ya ƙara gwadawa. Ya maimaita wasu ƴan kalmomi har sau 35 a kunnen da ba a saurara, daga baya mutane ba su tuna su ba. Abu ɗaya ya ga yana kutsawa, shi ne sunan mutum. In an ambaci sunansa a wancan kunne, kusan kashi ɗaya cikin uku na lokutan yakan ji. Ku da kanku kun san wannan: ana tsakiyar ciniki a kara ko a kasuwar hatsi, hayaniya ta cika ko'ina, wani ya ambaci sunanka can gefe, sai ka waiga.

Donald Broadbent, wanda ya yi aiki a rundunar sojan sama ta Ingila kafin ya koma bincike a Cambridge, ya fitar da littafi a 1958 inda ya ce ƙwaƙwalwa na da wani abu kamar rariya, tana barin magana ɗaya ta wuce ta tare saura. Daga baya Anne Treisman ta gyara masa, ta ce ba a toshe sauran gaba ɗaya ba, rage musu murya ake yi, shi ya sa suna ke iya kutsowa. A Amurka kuma, masu binciken rundunar sojan ruwa a San Diego sun nuna a 1954 cewa in aka raba lasifikoki, wannan can wancan can, ko aka tace murya ɗaya aka cire mata kauri ta zama siririya, ma'aikaci ya fi amsa saƙon da aka yi masa daidai.

To daga waɗannan shekaru aka samo ƙa'idojin da ake bi har gobe. A raba wurin da muryoyi ke fitowa. A bambanta kalarsu. Kuma a yarda cewa taura biyu ba ta taunuwa: mutum na iya jin muryoyi da yawa, amma magana ɗaya yake bi.

Shugaban ƙasa mai talabijin uku

Wanda ya fi shahara da kallon talabijin da yawa lokaci guda shi ne Lyndon Johnson, shugaban Amurka daga 1963 zuwa 1969. A zamaninsa manyan tashoshin ƙasar uku ne, ABC da CBS da NBC, kuma labaransu na yamma kusan lokaci ɗaya suke zuwa. Ga yaƙin Vietnam na ci, shi kuma mutum ne mai son sanin abin da ake faɗa a kansa. Sai aka haɗa masa akwati mai allo uku a jere a ofishinsa na fadar White House. Amma ku lura, hoto ne uku. Murya kuwa da rimot yake zaɓar wadda zai ji. Mawaƙin nan Elvis Presley ma ya jera talabijin uku a wani ɗaki na gidansa da ke Memphis, har yau masu ziyara na ganin su.

Shi kansa rimot ɗin, neman kashe murya na cikin abin da ya haife shi. Shugaban kamfanin Zenith na lokacin ya tsani tallace-tallacen talabijin. A 1955 injiniyansu Eugene Polley ya ƙera wani abu kamar tocila, ka haska kusurwar akwatin ka sauya tasha ko ka kashe murya. Matsalarsa, hasken rana ma na iya taɓa shi. A 1956 Robert Adler ya fito da wani wanda ba ya cin batir: ka danna, ɗan guduma ya bugi sandar alminiyam a ciki, ta fitar da sautin da kunnen mutum ba ya ji amma akwatin na ji.

Gidajen labarai ma haka suka yi. A 1939 BBC ta kafa sashen sauraron tashoshin duniya, wanda ya koma wani babban gida a Caversham a 1943 ya zauna can har 2018. Tashoshi barkatai ake kamawa, daga baya har da talabijin, amma ba a sake su cikin ɗaki su yi ta ihu. Kowane ma'aikaci da abin sauraronsa a kunne, da tashar da aka ba shi. Irin waɗannan masu sauraro ne suka kama saƙon Khrushchev a Rediyo Moscow ranar 28 ga Oktoba 1962, cewa Tarayyar Sobiyet za ta kwashe makamanta masu linzami daga Cuba. A ɗakinmu na watsa shiri ma dokar ke nan. In zan yi magana a kan kiɗa, mai kula da na'ura sai ya ja kiɗan ƙasa. Akwai ma na'urar da ke yin haka da kanta, da ta ji murya sai ta dusashe kiɗa, in an yi shiru ta dawo da shi.

Kowa da nasa a kunnensa

Dabarar Johnson ta mutum ɗaya ce. In mutum hamsin ne a ɗaki, kowa da abin da yake so fa? Amsar ta fara fitowa daga wani wuri da ba a zata ba. A 1933 aka buɗe silima ta farko da ake kallo daga cikin mota, a garin Camden na Amurka. Manyan lasifikoki aka kafa kusa da allo. Maƙwabta suka yi ta ƙorafi, na baya kuma muryar na iso musu a makare. A 1941 kamfanin RCA ya fito da ƙaramar lasifika da ake ratayawa a tagar kowace mota, kowa ya murɗa daidai kunnensa. Daga baya aka koma tura muryar ta ɗan ƙaramin zangon rediyo, kowa ya kama a rediyon motarsa.

Wannan dabara ce gidajen motsa jiki da gidajen kallon wasanni na Amurka suka ɗauka. A jera talabijin da yawa a bango duk a kashe musu murya, a rubuta lambar zangon FM a ƙarƙashin kowace, mai so ya kama da ƴar rediyonsa. Wasu gidajen kuma ƙaramin akwati suke ajiyewa a kan kowane teburi, ka danna lambar allon da kake kallo. Akwai kuma rubutun da ke bin magana a ƙasan allo. Don kurame aka fara shi a Amurka a 1980, kuma daga 1993 doka ta tilasta a sa na'urar karanta shi a duk talabijin mai inci 13 zuwa sama. Masu ji garau ma suka ci moriyarsa a wuraren hayaniya.

Na baya-bayan nan, a 2022 ƙungiyar da ke kula da fasahar Bluetooth ta sanar da wani tsari mai suna Auracast, inda talabijin ɗaya za ta watsa muryarta ga duk mai iyafis ɗin da ya dace, ba iyaka, ka zaɓi allo kamar yadda kake zaɓar tasha. Injiniyoyi kuma sun daɗe suna koya wa kwamfuta ta tsince murya ɗaya daga cikin hayaniya, kuma an ci gaba sosai, har ana sa irin wannan a na'urar taimaka wa masu raunin ji. Amma ko kwamfuta ta raba maka muryoyi goma tsaf, ɗaya za ka bi. A 2012 Nima Mesgarani da Edward Chang a San Francisco suka auna ƙwaƙwalwar wasu majinyata masu farfaɗiya da aka riga aka sa wa wayoyin awo a kai don magani. Aka kunna musu muryoyi biyu tare. Abin da aka gani a sashen ji na ƙwaƙwalwa ya fi kama da muryar da mutum ya ba hankali, ɗayar kamar an danne ta. Kusan shekara 60 bayan Cherry, aka ga rariyar da ido.

Abin da ya rage mana

To jama'a, me wannan tarihi zai ƙara wa mai gidan kallo a bakin tasha, ko mai shayi da ya kunna tele ga kuma rediyo na yi?

Na farko, abin da ke sa ka fahimci magana shi ne yadda ta ɗara hayaniyar da ke kewaye da ita. In ka ƙara wa talabijin biyu murya daidai wa daida, tazarar da ke tsakaninsu na nan inda take, kunne kawai ka ƙara wa kaya. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, amma in ya kai 90, awa 4 ne kacal a mako. Wasa uku na ƙarshen mako sun riga sun haura awa 4. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne kuwa, in sun mutu ba su sake tsirowa. Wancan siii da na kwana da shi, gargaɗi ne.

Na biyu, raba wuri ba ya cin ko sisi. Wannan allo a gabas, wancan a yamma, kowace lasifika ta fuskanci mutanenta, kuma a matso da ita kusa da su maimakon a ƙure ta. A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka da lasifika, ƙarfin sautin na raguwa da kusan desibel 6. Kwano da siminti na mayar da sauti, sai muryoyi su sake cakuɗewa. Tabarmi ko zana ko buhunan da aka rataya a bango suna shanye wani abu daga ciki.

Na uku, a bambanta muryoyin. Mu nan bakin iyaka ma Allah ya hutar da mu: ana samun sharhin wasa da Faransanci, ana samu da Ingilishi, ana samu da Larabci. Biyu masu harshe dabam sun fi sauƙin rabuwa a kunne bisa biyu masu harshe ɗaya da murya iri ɗaya. In talabijin na da wurin rage kaurin murya, a rage wa ɗaya.

Na huɗu, in rumfa ta yi ƙanƙanta, a yi irin ta Johnson: allo biyu, murya ɗaya, a shirya tun kafin a fara wasa wace za a ji. Mai hali ya nemi ɗan abin nan na FM da ake sayarwa don mota, wanda ƙarfinsa bai wuce rumfa ba, ya haɗa da allo na biyu. Yawancin ƙananan wayoyinmu na da rediyo, da an sa iyafis shi ke nan.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi ƙwallo muhimmanci. Sau da yawa mutum kan ce mana, ai rediyona a kunne take tun safe, ban ji sanarwar ba. Gaskiya ya faɗa, tana kunne. Amma yana ciniki, ko yana kallon wani abu a waya. Ku tuna kalmomin nan da aka maimaita sau 35 ba su zauna ba. Sanarwar rigakafin dabbobi, ko ta rufe hanya, ko cigiyar shanun da suka ɓata, in ta zo a kunnen da ba ka ba hankali ba, ta wuce. Shi ya sa kuke jin muna kiran sunan gari da na kasuwa sau biyu ko uku kafin mu karanta sanarwa, don mun san suna ne ke sa mutum ya waigo. Ku kuma naku, in kun ji an kira garinku, a kashe ɗayar muryar na minti biyu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.